Tsaga a Gindin Madatsar Ruwa

'Yan'uwa manoma, duk wanda yake noman shinkafa a fadamar Argungu, ko Augie, ko Birnin Kebbi, ya san ruwan da yake rayar da gonarsa tafiyayye ne. Daga ƙasar Zamfara da Katsina yake fitowa, wani ma daga Nijar, kafin ya haɗu a gulbin da yake wucewa ta bakin garinmu. A kan hanyarsa kuwa akwai manyan madatsai biyu da suke riƙe shi. Ta fari ita ce ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978. Ta biyu ita ce ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka gama a 1984. Tafkin Bakolori yana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, na Goronyo kuwa fiye da miliyan 900. Mita kubik ɗaya, watau durom biyar ke nan na lita ɗari biyu-biyu. Dukan wannan ruwa a sama da mu yake, mu kuwa muna gangare.

Waɗanda suka ga Satumba ta 2010 ba su bukatar a tuna musu. Ruwan sama ya yi yawa, tafkin Goronyo ya cika, aka buɗe ƙofofi, wani sashe na ginin kuma ya karye. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki a Jihar Sakkwato, ya gangaro Jihar Kebbi. A Satumba ta 2024 kuma madatsar Alau ta fashe, ruwa ya shiga Maiduguri da dare, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Tun daga sa'an nan a taron ƙungiyoyi ana yawan yi mana tambaya ɗaya: yaya gini mai ƙarfi irin wannan yake karyewa, ba wanda ya sani tukuna? Akwai dalilai da dama, amma a wannan karo za mu ɗauki ɗaya, wanda ya fi ɓoyuwa. Shi ne tsaga a gindin gini, da aikin da ruwa yake yi a cikinta.

Mu faɗi tun da fari cewa Goronyo da yashi da ƙasa aka tara ta, Bakolori ma yawancinta ƙasa ce. Amma kowaccensu tana da sashen kankare, wurin ƙofofi da wurin zubar da rarar ruwa. Haka kuma 'yan ƙananan tare-tare da ƙungiyoyi suke ginawa a bakin rafi, da ƙofofin magudanun noman rani, da kwalbatoci, duk kankare ne a kan ƙasa, ruwa yana tura su. Dokar da take riƙe babba ita take riƙe ƙarami.

Nauyin ruwa

Ruwa yana matsa duk abin da ya taɓa, matsin kuwa da zurfi yake ƙaruwa. A zurfin mita ɗaya, wuri mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana ɗauke da tan ɗaya, watau buhu goma masu kilo ɗari-ɗari. A zurfin mita 10, tan 10. A zurfin mita 20, wanda ya yi kusa da tsayin Goronyo, tan 20, buhu ɗari biyu ke nan a kan ɗan wurin da bai kai shimfiɗar tabarma ba.

In aka tara turin da ruwa yake yi wa bango duka, daga sama har ƙasa, sai a ga wani abin mamaki. Ruwa mai zurfin mita 2 yana tura kowace mita ta tsawon bango da ƙarfin tan 2. In zurfin ya zama mita 4, turin ba tan 4 zai zama ba, tan 8 ne. Zurfi ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Saboda haka ne muke hana ƙungiyoyi ƙara wa tarensu tsayi da layin bulo biyu ko uku don su sami ƙarin ruwan lambu. A ido abin kaɗan ne, a gindi ba kaɗan ba ne.

Amma matsin ruwa ba gefe kaɗai yake yi ba. Ta kowace fuska yake yi, har sama. Masuntan Matan Fada sun fi kowa sanin wannan. Ka ɗauki gora ka danna shi cikin ruwa, za ka ji yana turo ka sama, har mutum ya kwanta a kansa bai nitse ba. To, da zarar ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashin gini, haka yake yi masa, yana ɗaga shi kamar gora. Madatsar kankare kuwa, irin wadda aka fi ginawa, ba wani abu yake tsai da ita ba sai nauyinta. Abin da ruwa ya ɗauke daga nauyin nan, ya ɗauke daga ƙarfinta.

Bari mu yi lissafi da ɗan taren ƙungiya. A ce bangon kankare ne mai tsayin mita 2, da kaurin mita ɗaya da rabi. Mita kubik ta kankare tana da nauyin kimanin tan 2.4, don haka kowace mita ta tsawon bangon tana da nauyin tan 7.2. In ruwa ya cika, yana tura ta da tan 2. Ko ba tsaga, ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashi, matsinsa yana da ƙarfi a gaba, yana raguwa har ya ƙare a baya. Wannan yana ɗauke tan 1.5. In tsaga ta buɗe daga gaba ta kai rabin gindi, ruwa ya shiga da cikakken matsinsa, abin da yake ɗaukewa ya zama tan 2.25. In ta kai ƙarshe, bakinta na baya kuma a toshe, ya zama tan 3. Ga bango a tsaye, ba abin da ya canja a fuskarsa, amma fiye da kashi biyu cikin biyar na nauyinsa ruwa ne yake ɗauke da shi.

Yadda tsaga take tafiya

Kankare yana da hali guda da ya kamata kowane magini ya sani. In danna shi aka yi, jarumi ne. In jansa aka yi, rago ne, gama ƙarfinsa wajen ja kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na ƙarfinsa wajen dannawa. Shi ya sa ake sa masa rodi. Sa'ad da ruwa ya tura bango, yana so ya kifar da shi baya. Gindin baya yana dannuwa, gindin gaba, watau gefen da ruwa yake, yana so ya ɗagu. Nan ne ake jan kankare, nan ne kuma tsaga ta saba farawa, musamman a layin da kankare ya haɗu da dutse ko ƙasa, ko inda zubin jiya ya haɗu da zubin yau. Abin baƙin ciki, wurin nan yana ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganinsa.

Mai sayar da yadi a kasuwa ba ya iya yaga sabon yadi da hannu. Amma in ya ɗan ƙyasta bakinsa da almakashi, sai ya ja ya tafi ƙyar har ƙarshe. Dalili shi ne dukan ƙarfin jan yana taruwa a tsinin 'yar yankar nan. Wani injiniyan Ingila, A. A. Griffith, shi ya bayyana wannan da lissafi a 1921, bayan ya yi gwaji da gilashi. Ya nuna cewa gwargwadon tsawon tsaga, gwargwadon sauƙin ƙara ta. Gajeriya tana iya zama shekaru ba ta motsa ba. In ta kai wani tsawo, sai ta gudu da kanta.

A madatsa abin ya fi na yadi muni, domin ruwa yana bin tsagar. Ya shiga, ya tura leɓɓanta sama da ƙasa kamar yadda mai faskare yake kafa tsinke a tsagar itace yana bugawa. Tsaga ta ƙaru, ruwa ya ƙara shiga, nauyin gini ya ƙara raguwa, jan da ake yi wa gindin gaba ya ƙaru, tsaga ta sake ƙaruwa. Tambayar da injiniya yake so ya amsa ita ce, wannan zagaye zai tsaya a wani wuri, ko kuwa zai ci gaba har gini ya zame?

Da asarar rayuka aka koyi wannan ilimi. A Afrilu ta 1895 madatsar Bouzey a Faransa, wadda aka gina da dutse, ta tsage ta karye, mutum fiye da 80 suka mutu. A shekarar nan wani masani, Maurice Lévy, ya kafa ƙa'ida cewa dole a gina madatsa yadda fuskarta ta gaba za ta kasance a danne kullum, dannuwar da ta fi matsin ruwa, don kada ruwa ya sami bakin shiga. Duk da haka, ran 2 ga Disamba 1959, a Faransa ɗin dai, madatsar Malpasset ta tafi da dare bayan ruwan sama mai yawa. Ruwa ya faɗa wa garin Fréjus, mutum 423 suka rasu. André Coyne, wanda ya tsara ta, yana cikin gwanayen duniya a wannan sana'a, kankaren kuma mai kyau ne. Da aka bincika, sai aka tarar laifin yana cikin dutsen da aka dasa ta a kai. Dutsen yana da tsagogi a ɓoye. Turin da ginin yake yi masa ya matse shi har ruwa ya kasa tsiyayewa, matsi ya taru, ba a kuwa yi hudojin da za su saki ruwan ba. Sai ruwa ya tumɓuke wani ƙaton yankin dutse daga gindin hagu, ginin ya bi shi.

Madatsa a cikin kwamfuta

Ba wanda zai gina madatsa ya fasa ta don ya ga inda ƙarfinta ya ƙare. Saboda haka injiniyoyi suke yin kwaikwayonta. A dā sukan gina 'yar ƙarama a ɗakin gwaji su yi ta matsa ta har ta karye, har yanzu ma ana yi. Amma yau yawancin aikin da lissafi ake yinsa a kwamfuta.

Ga yadda abin yake. Ana zana madatsar da ƙasar da take kai, sa'an nan a yanyanka zanen gutsi-gutsi, kamar idanun homa. Kowane ido a gaya masa nauyinsa, da taurinsa, da iyakar jan da zai iya jurewa. Inda ake zaton tsaga, sai a ƙanƙanta idanun ƙwarai don lissafi ya fita sosai. Daga nan a cika tafkin a hankali, taki-taki. A kowane taki kwamfuta ta lissafta yadda kowane ido yake tura maƙwabcinsa ko yake jansa. Inda ja ya fi ƙarfin kankare, a buɗe tsaga a wurin. Sai a zuba matsin ruwa a cikin sabuwar tsagar, a sake lissafi daga fari. In tsagar ta ƙaru, a sake zuba ruwa, a sake lissafi. Haka za a yi ta yi har ta tsaya, ko ta ratsa gindin. Zurfin ruwan da ya sa ta ratsa, shi ne iyakar ginin, shi za a gwada da ambaliya mafi girma da ake tsammani.

Wannan dabara ta yanyanka gini, wani malamin jami'a a Amurka, Ray Clough, ya raɗa mata suna a 1960. Cikin ayyukan fari da aka yi da ita akwai binciken madatsar Norfork a Amurka, wadda wata doguwar tsaga ta ratsa jikinta. A 1976 kuma Arne Hillerborg da abokan aikinsa a Suwidin suka gyara wani kuskure. Tsagar kankare ba irin ta gilashi ba ce. A gaban tsininta akwai wani yanki da ya riga ya yi 'yan ƙananan tsagogi, amma tsakuwa tana riƙe da juna tukuna, kamar tsohuwar riga da ta yage zare yana sarƙe. Ƙarfin riƙon nan yana raguwa yayin da tsagar take buɗewa, har ya ƙare. Da aka sa wannan cikin lissafi, sai aka gane dalilin wani abu mai ban tsoro: ƙaramin gini yakan ba da alama kafin ya karye, babba kuwa, da kankare iri ɗaya, yakan tafi farat ɗaya.

Ana gwada gaskiyar lissafin da abin da ya riga ya faru. Wadda aka fi gwaji da ita ita ce madatsar Koyna ta Indiya, mai tsayin mita 103, wadda girgizar ƙasa ta tsaga a Disamba ta 1967 amma ba ta faɗi ba. Duk wanda ya zo da sabon lissafi, sai a ce ya nuna tsagar Koyna a inda ta fito. In ya kuskure, a mayar masa da abinsa.

A nan muna so mu yi wata magana, gama mun lura da zarar an ce "kwamfuta ta ce", sai baki ya mutu a taro. Kwamfuta ba ta ganin ƙarƙashin ƙasa. Abin da aka gaya mata shi take juyawa. In akwai jijiyar laka a ƙarƙashin gini, mai haƙa bai same ta ba, to, a cikin lissafi babu ita. In an gaya mata hudojin tsiyaya suna aiki, alhali sun toshe shekara biyar da suka wuce, za ta ce gini lafiya yake. Kwarin Rima kuwa yashi da laka sun yi masa yawa, suna kwance hawa-hawa, ba shimfiɗar dutse ɗaya ba. A irin wannan ƙasa, ban da ɗaga gini, ruwa yana iya sace ƙasar da take ƙarƙashinsa ƙwaya-ƙwaya, har ya yi rami kamar na gafiya, kankare ya zauna a kan iska. Wurin da bangon kankare ya haɗu da tarin ƙasa shi ya fi wannan haɗari, domin su biyu ba sa lotsawa tare.

Don haka madatsar kirki ba ta dogara da lissafi kaɗai. Ana huda gindinta ta gefen ruwa a ɗura ruwan siminti da ƙarfi, ya toshe tsagogin ƙasa ya zama kamar labule. A bayan labulen a yi jerin hudoji, don ruwan da ya tsallake ya fita ba tare da ya tara matsi ba. A kafa bututan awo masu nuna matsin ruwa a ƙarƙashi. Sa'an nan a sa mutum ya riƙa karanta su yana rubutawa, rani da damina. Wannan na ƙarshe shi ne mafi arha, shi ne kuma aka fi sakewa. Manyan madatsan nan biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ƙungiyar da take gangare kuwa tana da ikon ta tambaya ta hannun shugabanninta: yaushe aka yi awo na ƙarshe, ta wace hanya kuma za a sanar da mu kafin a buɗe ƙofa?

Namu na gida

Wata shekara mun ziyarci wata ƙungiya da ta gina ɗan tare a bakin rafi. Maginin ya bar 'yan bututa a gindin bangon ta baya, ruwa yana ɗiga. Mutanen suka ga asara ce, suka cusa tsumma da siminti suka toshe su. Da niyya mai kyau suka yi, amma sun rufe wa ginin hanci. Damina ba ta ƙare ba sai da daɓen bayan bangon ya kumbura ya tsage. Ruwan da yake ɗiga daga bututun tsiyaya aikinsa yake yi, a bar shi. In ya daina ɗiga alhali tafki a cike, a zura sanda a buɗe.

Abin dubawa shi ne kamannin ruwan. In garau yake, yawansa kuma bai canja ba, a dai sa ido. In ya yi gurɓi, ko yana fitowa da yashi, ko aka ga wuri a bayan gini yana ɓuɓɓuga kamar tukunya a wuta, ƙasa ce take gudu daga ƙarƙashi. Kada a toshe bakin, gama ruwan zai nemi wata hanya. A kewaye wurin da buhunan yashi, ruwan ya taru a ciki ya danne kansa, a rage ruwan tafki in da hali, a aika wa malamin gona da injiniyan ƙaramar hukuma a ranar, a kuma gaya wa na gangare su kwashe abin da za su iya.

Yawancin tsagogin ƙananan gine-gine tun ranar zubi ake haifarsu. Ana tsuga ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin zubawa, ruwan ya bushe ya bar kankare da ƙofofi. Ana zubi da hunturu ko da zafin bazara a tafi a bar shi, fuskarsa ta bushe kafin ya yi ƙarfi. A rufe shi da buhuna ko ciyawa, a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai. In aiki ya kwana, a farfasa fuskar zubin jiya a wanke ta kafin a ɗora sabo. A tona harsashi har a wuce baƙar lakar nan mai tsagewa da rani, a kuma saukar da siririn bango cikin ƙasa ta gefen ruwa don hanyar tsiyaya ta yi nisa. Masu ɗibar yashi kada su kusanci gindin gini, itace kuma kada a bari ya girma a jikinsa.

Tsagar da take a fili kuwa, kowace ƙungiya tana iya yi mata irin awon injiniya ba da kuɗi ba. A watan Maris ko Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja baya, mutum biyu su zaga ginin. Inda suka ga tsaga, su ja layi da fenti a iyakarta ta kowane gefe, su rubuta kwanan wata. Su shafa ɗan siminti siriri ya haye bakinta. In an dawo aka tarar simintin ya tsage, ko tsagar ta wuce fenti, tana da rai ke nan. A gwada faɗinta, ko tana cin reza, ko ashana, ko ɗan yatsa. In akwai ruwa mai ɗiga, a tara gwangwanin lita ɗaya a ƙirga daƙiƙa nawa ya cika, a rubuta tare da tsayin ruwan tafki a ranar. Magatakarda ya keɓe shafi biyu a bayan littafin ƙungiya don wannan, a sake zagawa a Agusta da ruwa ya cika, da kuma bayan kowace babbar ambaliya. Ran da injiniya ya zo, shafukan nan zai fara nema.